Akwatin Cajin Waya da Juyewar Kan Batir: Nazarin Kariya da Mosfet Nau'in P

Akwatin da wannan nazari ya shafa mallakar wani mai sana'ar cajin waya ne a wani gari na jihar Jigawa, inda wutar gwamnati kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, har jama'a suka dogara da irin waɗannan rumfuna domin wayoyinsu su ci gaba da aiki. Akwati ne na ƙarfe da wani mai haɗa kayan lantarki ya ƙera da hannu. Yana da ramukan USB takwas, waɗanda ƙananan bod huɗu na LM2596 suke rage musu wuta zuwa bolt 5, sannan akwai hanyar ƙwayayen fitila uku masu wat 5 kowanne, da ta fanka ɗaya mai wat 12. Idan duk kayan suna aiki a lokaci guda, abin da akwatin yake ja yana kusa da amfiya 6. Batirin mai bolt 12 ne, mai amfiya-awa 100, kuma farantin sola mai wat 150 ne yake cika shi da rana ta hanyar kwantirola, wato na'urar da take daidaita cajin batir daga faranti, mai nata wayoyin daban.

Batir shi ne mafi tsada a jarin rumfar, don haka ba a barinsa ya kwana a kasuwa. Kullum da dare ana cire shi a kai gida, da asuba kuma a dawo da shi a maƙala masa kilif biyu, ja da baƙi. Jan kilif ɗin ya daɗe da dusashewa saboda ƙura da tsatsa, alamar da ke kan batirin ta goge, kuma yaron da yake buɗe rumfar da hasken tocilan yake yin haɗin. Duk wanda ya tsara na'urar da za a riƙa cirewa ana mayarwa haka sau ɗaruruwa a shekara, ya kamata tun farko ya ɗauka cewa ranar juyewa, wato ranar da za a maƙala jan kilif a wurin baƙi, tana nan tafe, ya kuma sa ta a cikin lissafinsa. Wannan akwati ba shi da kowace irin kariya sai fiyus ɗaya, wanda tun da daɗewa aka ɗaure ƙafafunsa da zaren tagulla bayan ya taɓa yankewa.

Ɓarnar da aka samu

Wata asuba kuwa aka juya kilif ɗin. Da aka kawo mini akwatin na buɗe murfinsa, warin ƙuna mai ɗan tsami ne ya fara fita. A kan uku daga cikin bod huɗun, kafasitar da ke bakin shigar wuta, wato ɗan gwangwanin da yake ajiye caji, ta kumbura ta tsage daga sama, daidai inda masana'anta ta yi mata tsagar gargaɗi, kuma takardar cikinta ta fito buzu-buzu, launin ƙasa-ƙasa, ta manne a jikin murfin. Ɗaya daga cikin LM2596 ɗin ya fashe a tsakiya, sauran ukun kuwa jikinsu lafiya a ido amma mita ta nuna cewa sun haɗe ta ciki. Layin tagullan da ke kai negatib a babban bod ya ɗaga daga jikinsa ya yi baƙi. Ƙaramin bod ɗin da ke cikin fanka shi ma ya tafi. Allah ya taƙaita, a wannan lokaci na asuba ba a riga an jona wayar kowa ba, da asarar ta wuce ta mai rumfa ta shafi amanar jama'a.

Dalilin irin wannan ɓarna ba ɓoyayye ba ne. Kafasitar alminiyum tana riƙe caji ne da wata siririyar fatar okzaid da ke jikin farantinta na fositib, kuma wannan fata boltej na daidai ne yake tsare ta; idan aka juya mata wuta fiye da bolt ɗaya da ɗan abu, fatar ta fara lalacewa, lantarki ya ratsa ruwan cikinta, ruwan ya tafasa ya zama iska, sai ta fashe. A cikin kowane ƙwayar IC irin LM2596 kuma akwai mahaɗu masu halin dayod, wato abin da yake barin lantarki ya bi ta ɓangare ɗaya kawai, tsakanin ƙafafunsa da gindin silikon ɗin da aka gina shi a kai, waɗanda a rufe suke muddin wuta na zuwa ta hanyar da ta dace, amma da zarar an juya sai su buɗe gaba ɗaya. Batir mai amfiya-awa 100 yana iya zuba ɗaruruwan amfiya a cikin irin wannan buɗaɗɗiyar hanya, kuma ba ya buƙatar ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya kafin ya gama aikinsa.

Mai rumfar ya gindaya sharuɗɗa biyu da bakinsa. Ya ce, "Malam, abin da nake so shi ne ko an sake juyawa kada komai ya ƙone, kuma kada ka sa mini abin da zai riƙa shan batir, don da ƙyar yake kai mu isha'i." Waɗannan sharuɗɗa su ne ma'aunin duk abin da aka gwada daga baya, kuma na biyun ya fi na farkon wuyar cikawa.

Hanyoyin da aka auna aka ajiye

Hanyar da kowane ɗan koyo ya sani ita ce a sa dayod a jere da jan waya. Tana aiki, ba ta da tsada, kuma a na'urar da take jan miliamfiya kaɗan ni ma ita zan zaɓa. Amma dayod na silikon irin 6A10 yana cin kusan bolt 0.9 idan amfiya 6 tana ratsa shi, wato wat 5.4 da yake mayarwa zafi, fiye da abin da ƙwan fitila ɗaya na rumfar yake sha. Idan aka raba 0.9 da 12, za a ga cewa kashi 7.5 cikin ɗari na duk abin da batirin ya bayar a jikin dayod ɗin yake ƙarewa. Batirin dalma kuma ba a son a riƙa sauke shi ƙasa da rabi idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka daga amfiya-awa 50 ɗin da mai rumfa yake da ikon taɓawa za a cire wannan kaso. Dayod nau'in Schottky ya fi sauƙi, don kusan rabin bolt yake ci, amma wat 3 ɗin da zai fitar har yanzu yana buƙatar ƙarfen sanyaya, ga shi kuma yoyonsa ta baya yana ƙaruwa sosai idan ya yi zafi.

Hanya ta biyu ita ce a gicciya babban dayod tsakanin ja da baƙi a bayan fiyus, ta yadda idan an juya zai buɗe ya ja wuta mai yawa har fiyus ya yanke. Ba ta cin komai a lokacin aiki na yau da kullum, sai dai dukan amincinta a kan fiyus yake, kuma wannan akwati ya riga ya nuna mana makomar fiyus a hannun mai sana'ar da kwastomomi suke jira a gabansa. Ranar da aka sake ɗaure shi da tagulla, dayod ɗin ne zai ƙone, wayoyin su bi bayansa. Rilen mota mai dayod a jere da naɗinsa shi ma an duba shi, amma naɗin yana shan kusan wat 2 muddin akwatin yana kunne, ko da babu waya ɗaya a jone.

Sai transista nau'in PNP, wadda wasu suke ba da shawararta saboda idan ta buɗe sosai ba ta cin fiye da bolt 0.2 ko 0.3 a ƙaramin lodi. Na duba TIP42C, wadda take samuwa ko'ina. Matsalarta biyu ce. Ta farko, ba ta buɗewa sai ana zuba mata lantarki ta ƙafar bes ba fashi, kuma a amfiya 3 takardar masana'anta ba ta yi alkawarin cewa lantarkin lodi zai ninka na bes fiye da sau 15 ba, wato ana buƙatar aƙalla amfiya 0.2 a bes kafin ma a kai rabin lodin akwatin. Ta biyu ta fi muni: mahaɗar da ke tsakanin emita da bes ba ta jure juyayyen boltej fiye da bolt 5, alhali juyayyen batir bolt 12 ko 13 zai ɗora mata. Abin da aka sa domin ya tsare ƙofa sai ya zama shi ne farkon karyewa.

Yadda aka haɗa mosfet ɗin

Mosfet shi ma wani nau'in transista ne, kuma abin da ya bambanta shi da waccan transistar shi ne ƙafarsa ta get, wadda take buɗe shi da rufe shi, ba ta taɓa silikon ɗin da lantarki yake bi ba, akwai siririn shinge na okzaid a tsakaninsu. Wannan tsari Mohamed Atalla, ɗan asalin Masar, da Dawon Kahng, ɗan Koriya, suka samar a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1959, kuma shi ne ya sa boltej kawai mosfet yake nema a get domin ya buɗe, ba ya shan lantarki ta can in ban da ɗan abin da zai cika get ɗin a karon farko. Idan ya buɗe kuwa ba shi da wani tsayayyen kaso na bolt da yake karɓa kamar dayod, halin resista mai ƙanƙanuwar turjiya yake ɗauka.

An zaɓi IRF4905, mosfet nau'in P mai jure bolt 55, wanda turjiyarsa a buɗe ba ta wuce om 0.02 idan get ya yi ƙasa da sos da bolt 10. Idan ka riƙe shi rubutunsa yana kallonka, ƙafafunsa suna ƙasa, ta hagu ita ce get, ta tsakiya diren, ta dama sos. Jan waya daga batir ya bi ta fiyus ya shiga diren. Daga sos aka fitar da fositib ɗin da yake ciyar da dukan akwatin. Get kuma aka kai shi negatib ta hanyar resista mai kilo-om 10, sannan aka sa dayod na zina mai bolt 15, wato 1N4744A, wanda ba ya barin boltej ya wuce wannan iyaka, tsakanin get da sos, ɓangarensa mai zobe yana wajen sos.

Ɗan koyon da yake taya ni aiki ya dubi zanen ya ce, "Oga, ai a juye yake. Sos ne ake ba fositib a nau'in P, haka muke yi a makunni." Gaskiyarsa ce game da makunni, kuma wannan shi ne wurin da masu gyara da yawa suke "gyara" zanen da yake daidai su mayar da shi kuskure, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin kowane mosfet na ɗaukar lodi akwai dayod da yake zuwa tare da gininsa, ba a iya cire shi, kuma a nau'in P yana barin lantarki ya wuce daga diren zuwa sos, yana hana shi komowa. Idan aka ba sos fositib ɗin batir kamar yadda ake yi a makunni, akwatin zai yi aiki lafiya lau a haɗin daidai, mai haɗin zai gwada ya ga fitila ta kama ya rufe murfi yana murna. Amma ranar da aka juya batir, wannan dayod na ciki zai sami kansa a buɗe, ya kai juyayyiyar wutar har cikin bod ɗin kamar babu mosfet a wurin. Kuskure ne da ba ya nuna kansa sai ranar da ake buƙatar kariyar.

A haɗin da aka yi kuwa, ga abin da yake faruwa lokacin da aka maƙala kilif daidai. Mosfet ɗin a rufe yake tukuna, amma dayod na cikinsa yana fuskantar hanyar da ta dace, sai ya bar wuta ta wuce zuwa sos. Idan batirin yana bolt 12.6, sos zai hau zuwa kusan 11.9, alhali get yana ɗaure da negatib. Bambancin ya wuce bolt 2 zuwa 4 da mosfet ɗin yake buƙata domin ya fara buɗewa, ya ma wuce bolt 10 ɗin da yake buƙata domin ya buɗe gaba ɗaya, sai babbar hanyar ta buɗe, lantarki ya bar dayod ɗin ya koma kanta. Abin ya yi kama da ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar ƙofar gida, wadda yaro yake shiga ta cikinta ya zare sakata domin mota ta wuce. Duk wannan yana kammaluwa a cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Idan aka juya kilif ɗin, diren ne yake samun negatib ɗin batir. Dayod na ciki yanzu baya ya juya wa wutar, ba ya barin komai ya wuce. Get yana haɗe da layin da ya zama fositib ta hanyar resistarsa, sos shi ma yana haɗe da wannan layi ta cikin lodin, don haka babu bambanci a tsakaninsu, mosfet ɗin ya zauna a rufe. Dukan bolt 12 ɗin yana tsaye ne tsakanin diren da sos, inda aka gina shi ya jure 55. Babu tartsatsi, babu fiyus da ya yanke, kuma da zarar an gyara haɗin akwatin zai tashi.

Dayod na zina aikinsa tsare wancan shingen okzaid ne, wanda a IRF4905 ba ya jure fiye da bolt 20 tsakanin get da sos. Batir mai bolt 12 ba ya wuce kusan 14.4 a lokacin caji, don haka a ranar da komai yake daidai zina mai bolt 15 a zaune yake ba ya jan komai, abin da ya dace da sharaɗin mai rumfa na biyu. Amma kwantirola tana iya lalacewa ta saki boltej ɗin faranti kai tsaye, wanda yake haura bolt 20 idan babu lodi, kuma injin fanka yana iya harba gajeren boltej mai tsini idan an kashe shi. Wanda zai kwafi wannan zane zuwa tsarin bolt 24 kuwa, inda caji yake kai 28.8, zina a wurinsa wajibi ne tun daga daƙiƙar farko. Wannan rashin juriya na get shi ya sa kuma a lokacin hunturu, da iska take bushewa har riga take tartsatsi a jiki, nake barin mosfet a cikin ledarsa sai lokacin liƙa shi, kuma in taɓa ƙarfen tebur kafin in ɗauke shi.

Lissafin zafi da gwaji

A amfiya 6, om 0.02 yana cin bolt 0.12, wato kashi 1 cikin ɗari na wutar batir, kuma zafin da yake fitarwa wat 0.72 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin bakwai na abin da dayod na silikon zai fitar. Wannan adadi yana da kyau a takarda, amma takardar an rubuta ta ne a kan digiri 25. Cikin mosfet irin wannan, idan ba a ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba, yana hawa digiri 62 a kan kowane wat ɗaya. A watan Afrilu, da zafin inuwa yake kai digiri 40 a wannan yanki, cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin rufin kwano zai wuce haka, kuma turjiyar mosfet tana ƙaruwa yayin da yake ɗumama, ta yadda wat 0.72 zai matsa kusa da wat 1. Idan aka tara, cikinsa zai haura digiri 100. Bai kai iyakarsa ta 175 ba, amma ban yarda a bar abin da aka sa domin tsaro yana aiki a irin wannan zafi kullum ba, don haka aka ɗaura masa ɗan ƙaramin alminiyum mai fukafukai.

A nan akwai wani tarko. Ƙarfen bayan mosfet ɗin, mai ramin kusa, haɗe yake da diren, kuma diren a wannan zane fositib ɗin batir ne kai tsaye. Jikin akwatin kuwa an haɗa shi da negatib. Da an ɗaure mosfet ɗin a bangon akwatin domin ya sha sanyi, kamar yadda hankali zai fara ba mutum, da an haɗa kan batir biyu da kusa ɗaya. An bar alminiyum ɗin a tsaye a kan bod, nesa da bango, fiyus kuma aka mayar da shi kusa da kilif, mai amfiya 10, irin jan nan na mota, a cikin gidan da ake cirewa da hannu, aka kuma liƙa wasu biyu a cikin murfi domin kada wani ya sake neman tagulla.

Ba kowane mosfet nau'in P ne yake biyan wannan buƙata ba, ko da girmansu ɗaya a ido. IRF9540N ya fi samuwa, kuma mai shago zai iya miƙo maka shi ya ce duk ɗaya ne, amma turjiyarsa om 0.117 ce. A amfiya 6 zai ci bolt 0.7 ya fitar da wat 4.2, wato an koma gidan jiya, an biya kuɗin mosfet an sami asarar dayod. Haka kuma akwai jabu a kasuwa, masu lambar gaske a jiki da ƙaramin silikon a ciki. Hanyar gane su ba ta buƙatar wata na'ura ta musamman: a sa lodin da aka san amfiyarsa, a ɗora mita tsakanin diren da sos. Wanda aka sa a wannan akwati ya nuna kusan bolt 0.1 a cikakken lodi. Da ya nuna 0.4 ko 0.5, da an san cewa ko jabu ne, ko kuma get bai sami cikakken boltej ɗinsa ba.

Gwajin juyewa ba a fara shi da batir tsirara ba. An sa ƙwan mota mai wat 21 a jere da jan waya, ta yadda idan akwai kuskure ƙwan ne zai kama ya taƙaita wutar. Da aka juya ƙwan bai ko yi ja ba, mita kuma ba ta ga komai a bayan sos ba. Daga nan aka cire ƙwan aka bi ma'aunin da masana'antar motoci take amfani da shi a ƙa'idar ISO 16750-2, wato juyayyen bolt 14 na tsawon daƙiƙa 60. Akwatin ya jure, ya kuma tashi da aka gyara haɗin.

Kariyar da take aiki shiru tana da nata haɗarin, domin yaron da ya maƙala kilif ya ga babu abin da ya kama zai iya ɗauka cewa akwatin ya mutu, ya fara jijjiga wayoyi ko ya buɗe murfi. Saboda haka aka ƙara jar fitilar LED a ɓangaren batir, kafin mosfet, a jere da resista mai kilo-om 1 da dayod 1N4007, an juya su ta yadda ba sa kamawa sai an juya batir. Dayod ɗin yana can ne domin LED ba ta jure fiye da kusan bolt 5 ta baya, kuma a haɗin daidai kullum ta baya take ganin wutar.

Buƙatar da ta nuna iyakar zanen

Bayan akwatin ya koma aiki, mai rumfar ya dawo da wata shawara da take da ma'ana a idon duk wanda yake haɗa kilif huɗu kullum. Yana so a shigar da kwantirolar sola cikin akwatin, a haɗa ta da layin da yake bayan mosfet, domin kilif biyu kawai su rage, kuma ita ma ta shiga ƙarƙashin kariyar. Na ƙi, kuma wannan ƙin shi ne sashe mafi muhimmanci a dukan aikin a ganina, domin gwajin farko zai nuna kamar shawarar ta yi daidai. Mosfet idan ya buɗe lantarki yana bi ta cikinsa ta kowane ɓangare, saboda haka caji zai wuce daga kwantirola zuwa batir ba tare da wata matsala ba.

Sai dai dukan hikimar zanen ta dogara ne a kan abu ɗaya, wato sos ba ya samun boltej daga ko'ina sai daga batir. Da zarar an sa wata majiyar wuta a bayansa, wannan sharaɗi ya rushe. A ɗauka cewa an makara, rana ta fito, faranti yana ba da wuta, kuma kwantirolar tana cikin waɗanda suke fitar da boltej ko da babu batir. Sos ya riga ya hau sama da get, mosfet ɗin a buɗe yake tun kafin a taɓa kilif. Idan aka maƙala batir a juye a wannan hali, zai ja layin ƙasa har zuwa kusan bolt 4, inda mosfet ɗin yake fara rufewa, amma ba zai rufe gaba ɗaya ba, domin farantin yana ci gaba da tura wuta yana riƙe sos a sama. Sai ya maƙale a tsakiya, da kusan bolt 16 tsakanin sos da diren, da kuma kimanin amfiya 8 na faranti suna ratsa shi. Wat 128 ke nan a jikin abin da aka shirya wa wat 1. Zai ƙone a cikin ɗan lokaci kaɗan, fiyus mai amfiya 10 ba zai yanke a amfiya 8 ba, kuma mosfet idan ya ƙone yawanci haɗewa yake yi ta ciki, wato juyayyen batirin zai sami hanya zuwa duk abin da ke cikin akwatin.

Na ce masa, "Alhaji, wannan kariyar ta kaya masu shan wuta ce. Abin da yake ba da wuta ba ya zama a bayanta." Ya nemi a nuna masa, sai aka kwatanta da ƙaramar majiyar wuta mai taƙaitacciyar amfiya da wani mosfet na gwaji, ya sa yatsa ya ji yadda ya ɗau zafi nan take, ya janye maganar.

Akwai zanen da yake magance irin wannan hali. Kamfanoni suna yin ƙananan IC kamar LM74700 na Texas Instruments da LTC4359 na Analog Devices, waɗanda suke lura da ɓangaren da lantarki yake bi, su rufe mosfet nau'in N da zarar ya fara komowa baya. Amma su aikinsu hana komowar ne gaba ɗaya, don haka caji ba zai wuce zuwa batir ta cikinsu ba, kuma hanyar da za ta bar caji ya wuce ta kuma gane juyayyen batir tana buƙatar ƙarin transista mai auna kan batirin kafin ta ba da izinin buɗewa. Wannan ya fi ƙarfin abin da mai gyaran garin zai iya bi idan ya lalace. Mosfet nau'in N a layin negatib, irin IRF3205 mai om 0.008, ya fi arha kuma ya fi ƙarancin asara, amma yana raba negatib ɗin akwati da na batir, kuma a rumfar da jikin akwati da tebur na ƙarfe da wayoyin kwantirola suke iya taɓa juna, wata hanya ta gefe tana iya tsallake shi ba wanda ya sani.

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne aka bar kwantirolar a ɓangaren batir, kafin mosfet, da nata fiyus ɗin. Aka ɗaure gajerun wayoyi masu kauri a kan batirin da noti, ba a sake cire su, ƙarshensu kuma aka sa mahaɗi nau'in Anderson SB50, wanda siffarsa ba ta barin a cusa shi a juye. Ɗaya gefen mahaɗin shi yake ciyar da akwati da kwantirola tare, aka kuma sa makunni a wayar faranti domin a riƙa jona batir kafin a saki wutar sola, kamar yadda littattafan kwantirola suke umarni. Mosfet ɗin yana nan a wurinsa saboda ranar da za a canza batir ko a ara wani, lokacin da dole a kwance notin a sake ɗaurewa da hannu. A wannan rana akwatin yana da kariya, amma kwantirolar tana dogara ne da irin tsaron da masana'antarta ta gina mata, shi ya sa aka rubuta a jikin murfi cewa a kashe makunnin faranti a kuma cire fiyus ɗinta kafin a taɓa noti, kada a mayar da shi sai an jona akwati an ga jar fitilar ba ta kama ba.